Taswirar Da-a-ce: Duniyar da Ba Ta Kasance Ba da Wadda Ba Ta Zo Ba Tukuna

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa aikin taswira shi ne ta nuna ƙasa yadda take: ga kogi, ga dutse, ga hanyar da ta tashi daga wannan gari zuwa wancan. Amma akwai wani nau'in taswira da ke nuna abin da babu shi. Wata takan zana ƙasashe yadda za su kasance da a ce wani lamari na tarihi ya sauya. Wata kuwa takan zana nahiyoyi yadda za su koma bayan shekara miliyan 250. Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin wasan yara ko aikin marubuta ƙagaggun labarai. To, lalle marubuta suna da hannu a ciki, amma masana tarihi da na tattalin arziki da na ilmin duwatsu su ma sukan yi irin wannan zane, kuma da shi suke auna ƙarfin hujjojinsu. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake yin irin waɗannan taswirori, da abin da ake koyo daga gare su, da kuma yadda ɗalibi zai rarrabe mai amfani da mai ɓatarwa.

Duwatsun da babu su

Kafin a shiga batun sosai, ya kamata a bambanta taswirar da aka ƙaga da gangan da wadda aka yi kuskure a cikinta. A shekarar 1516 wani Bature ɗan Ingila, Thomas More, ya fitar da littafinsa mai suna Utopia, da taswirar wani tsibiri a farkonsa. Babu wanda ya shiga jirgin ruwa neman wannan tsibiri bisa yaudarar marubucin, domin ma'anar sunan kansa a harshen Girka ita ce wurin da babu shi.

Labarin Duwatsun Kong kuwa daban ne. A shekarar 1798 masanin labarin ƙasa James Rennell ya zana taswirar Afirka ta Yamma don rakiyar bayanin tafiyar Mungo Park. A wancan lokaci Turawa ba su san inda Kogin Kwara yake ƙarewa ba. Rennell yana da ra'ayin cewa kogin gabas yake yi har ya ƙafe a tsakiyar nahiya, saboda haka yana bukatar wani shinge da zai hana shi gangarawa kudu zuwa teku. Sai ya ɗauki 'yan duwatsun da Park ya ce ya hango daga nesa, ya miƙar da su suka zama doguwar sarƙa daga yamma zuwa gabas. Masu zanen taswira suka yi ta kwafa daga juna. Ko da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin har bakin teku a 1830, duwatsun ba su gushe daga takarda ba. Sun bayyana a taswirori kimanin 40, har sai da wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889, ya ba da rahoton cewa babu wata sarƙar duwatsu a wurin. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna ketare wannan yanki da jakunansu, sai dai ba da su aka yi shawarar zanen ba.

Darasin da ke nan shi ne, ido yakan yarda da taswira fiye da yadda kunne ke yarda da magana. Saboda haka sharaɗi na farko ga duk mai zana taswirar abin da babu shi ne ya faɗa a fili cewa zato ne, ya kuma nuna inda gaskiya ta tsaya da inda zato ya fara.

Tarihin da-a-ce

Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, wato a baya take, ba ta gyara komai. Duk da haka tambayar "da a ce" tana da amfani ga mai nazari, domin duk wanda ya ce abu kaza ne ya haddasa abu kaza, to a fakaice yana cewa ne da na farkon bai faru ba, da na biyun ma bai faru ba. Tun zamanin Rumawa marubucin tarihi Livy ya tattauna abin da zai auku da a ce Iskandar na Masidoniya ya juya yamma ya far wa Rum. A 1836 Louis Geoffroy ya rubuta littafi kan Napoleon da ya ci Rasha ya mallaki duniya, a 1962 kuma Philip K. Dick ya rubuta labarin Amurka da Jamus da Japan suka raba tsakaninsu bayan sun ci Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga cikin irin waɗannan ayyuka akwai taswirar Afirka da wani mai zane ɗan ƙasar Suwidin, Nikolaj Cyon, ya yi, wadda ya sa wa shekarar 1260 ta Hijira, daidai da 1844. Ya ɗauka cewa annobar da ta auka wa Turai a ƙarni na 14 ta karya ta har ba ta iya mulkin mallaka ba, sa'an nan ya zana iyakoki bisa dauloli da harsunan da ke nahiyar. Ya kuma sa kudu a sama, arewa a ƙasa, kamar yadda Al-Idrisi ya yi a taswirar da ya kammala wa Sarki Roger na Sisili a 1154. Amfanin wannan zane shi ne yakan tuna wa mai kallo cewa iyakokin yau mutane ne suka shata su. Rauninsa kuwa shi ne ya ba daulolin da iyakoki masu kaifi irin na zamani, alhali ikon sarakunan wancan lokaci yakan yi ƙarfi a birni ne, ya riƙa raguwa sannu a hankali har ya ɓace cikin daji.

Ba sai an je nesa ba wajen neman misali. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, duk abin da ke cikinta ya zama na Ingila. Daga baya Faransawa suka ga cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, suka nemi gyara, aka kuwa gyara a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka matso da layin kudu. Birnin Ƙonni yana cikin da'irar 1898. Ke nan da a ce ba a yi wannan gyara ba, da yaran Ƙonni Ingilishi suke koya a makaranta maimakon Faransanci. Wanda ya zana layukan nan uku a kan takarda guda zai gane cewa rijiya da hanyar raƙuma na daga cikin abubuwan da suka yanke wa dubban iyalai ƙasar da za su kira tasu.

A fagen tattalin arziki kuwa, babu misalin da ya kai na Robert Fogel. A zamaninsa kowa ya yarda cewa jirgin ƙasa ne ya gina arzikin Amurka. A littafinsa na 1964 Fogel ya zana taswirar Amurka ta shekarar 1890 ba tare da dogo ko ɗaya ba, ya ƙara mata magudanan jiragen ruwa na kimanin mil 5,000 a wuraren da yanayin ƙasa zai bari a haƙa su, sa'an nan ya lissafa kuɗin dakon amfanin gona ta ruwa da keken doki. Sakamakon ya nuna cewa asarar ba za ta kai kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Masana da dama sun yi jayayya da lissafinsa, amma sun iya yin haka ne domin ya shimfiɗa kowane zato a fili, kowa na iya bin sawu. A 1993 aka ba shi kyautar Nobel. Irin wannan tambaya tana nan tana jiran ɗalibin da zai yi ta game da dogon da ya iso Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya.

Tekun da ya ƙi buɗewa

Ita ma ƙasa tana da nata tarihin da-a-ce. A 1912 Alfred Wegener, masanin yanayi ɗan Jamus, ya gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi duka a da dunƙule suke wuri guda, daga baya suka rabu. Yawancin masana suka ƙi yarda, domin bai kawo gamsasshen bayani kan ƙarfin da ke tura su ba. Ya rasu a ƙanƙarar Girinlan a 1930. Sai a shekarun 1950 da 1960, bayan da Marie Tharp da Bruce Heezen suka zana taswirar ƙarƙashin Tekun Atlantika, aka ga dogon tudu mai tsaga a tsakiyarsa, aka kuma auna maganaɗisun duwatsun da ke gefensa biyu, sa'an nan aka tabbatar cewa ƙasan teku faɗaɗa yake yi.

Abin da aka sani yanzu shi ne, ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan faya-fayai, kowane faifai yana tafiya a kan dutse mai zafi da ke ƙarƙashinsa. A inda biyu suke rabuwa, narkakken dutse yakan taso ya daskare ya zama sabon ƙasan teku. A inda suke haɗuwa kuwa, ɗaya yakan nutse ƙarƙashin ɗaya, ko kuma su yi karo su tayar da duwatsu irin su Himalaya. Dunƙulalliyar nahiya ta ƙarshe, wadda ake kira Panjiya, ta haɗu kimanin shekara miliyan 300 da suka shige, ta fara tsagewa wajen miliyan 200.

Sa'ad da Amurka ta Kudu ta fara ɓallewa daga Afirka, fiye da shekara miliyan 130 da suka wuce, ƙasa ta tsage ta fuskoki da dama. Wata tsaga ta bi gaɓar da a yau ake kira Gana da Kodebuwa. Wata kuma ta kutsa cikin nahiya, ta bi kwarin Binuwai na tsawon kimanin kilomita 1,000, ta haura ta Gongola zuwa gabashin Nijar, ta doshi Libiya. Ta farkon ce ta yi nasara ta zama teku wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, ta biyun kuwa ta tsaya, yashi da laka suka cike ta. A 2014 masana biyu, Christian Heine da Sascha Brune, suka yi amfani da kwamfuta don gano dalili. Suka nuna cewa tsagar da ke kwance a karkace ga inda ake jan ƙasa ta fi sauƙin yagewa a kan wadda ake ja kai tsaye, kamar yadda mai yaga ƙyalle ya san akwai fuskar da ta fi ba da kai. Tare da bayanin sun zana taswirar duniyar da tsagar Sahara ce ta yi nasara. A cikinta, Afirka ta Yamma tana manne da Barazil. Tun da Kano da Katsina da Sakkwato da Yamai suna yamma da tsagar, da yanzu suna wancan ƙetaren teku, Kamaru da Sudan kuwa suna wannan.

Tsagar da ta kasa ba ta tafi a banza ba. Ruwan teku ya sha shiga cikinta da sauran kwaruruwan yankin, ya bar farin dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka. Na Kalambaina kusa da Sakkwato shi ma tsohon ƙasan teku ne, ana samun bawon halittun ruwa a cikinsa. Man fetur na Agadem, wanda aka fara tacewa kusa da Damagaram a 2011, a cikin reshen wannan tsaga yake kwance.

Gobe mai nisa

Zana taswirar gaba ba duba ba ne, lissafi ne irin na ɗan aji shida, aƙalla a matakin farko. Ana auna tafiyar faya-fayan da taurarin ɗan'adam. Tekun Atlantika yana faɗaɗa da kimanin santimita 2.5 a shekara, kusan yadda farce ke tsiro. A shekara miliyan 1 wannan ya zama kilomita 25, a miliyan 50 kuwa kilomita 1,250. Ostareliya tana tafiya arewa da kimanin santimita 7 a shekara, har ya zama tsakanin 1994 da 2020 ta gusa da kusan mita 1.8, dole hukumomin ƙasar suka gyara ma'aunin taswirorinsu. Sannu ba ta hana zuwa. Wani lokaci ma ba sannu ba ce: a watan Satumba na 2005, a yankin Afar na Habasha, ƙasa ta tsage na tsawon kimanin kilomita 60 cikin 'yan makonni, faɗin ya kai mita 8 a wasu wurare.

Daga waɗannan alƙaluma, taswirorin shekara miliyan 50 masu zuwa sun yi kama da juna. Afirka za ta ci gaba da matsa wa Turai har Bahar Rum ya rufe, duwatsu su tashi a gurbinsa. Ostareliya za ta yi karo da tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Gabashin Afirka na iya ɓallewa, ko da yake labarin Binuwai ya isa gargaɗi cewa ba kowace tsaga ke zama teku ba.

Daga nan ne hanya ke rabuwa, domin babu wanda zai iya lissafa inda sabon wurin nutsewar faifai zai ɓullo. Saboda haka akwai manyan taswirori guda 4 na dunƙulalliyar nahiya mai zuwa, tsakanin shekara miliyan 200 zuwa 250:

1. Panjiya ta Ƙarshe, wadda Christopher Scotese ya zana. A nan Atlantika zai daina faɗaɗa, ya koma tsukewa, har Amurka ta dawo ta haɗu da Afirka.

2. Sabuwar Panjiya, ta Roy Livermore. Atlantika zai ci gaba da buɗewa, Tekun Fasifik ne zai rufe.

3. Orika, ta João Duarte da abokan aikinsa. Tekunan biyu duka za su rufe, wani sabo ya buɗe ta tsakiyar Asiya.

4. Amasiya, wadda Ross Mitchell da abokan aikinsa suka ƙarfafa a 2012. Nahiyoyi za su taru a ƙuryar arewacin duniya, tekun ƙanƙara na can ya rufe.

Samuwar amsa huɗu ba gazawa ba ce. Kowace taswira ta ginu a kan zato guda game da yadda cikin duniya ke aiki, kuma zana ta yakan tilasta wa mai ra'ayin ya bi zatonsa har ƙarshe. Bugu da ƙari, akan ɗora lissafin yanayi a kan waɗannan zane-zane. A 2023 Alexander Farnsworth na Jami'ar Bristol da abokan aikinsa suka gwada yanayin Panjiya ta Ƙarshe. Suka sami cewa abubuwa uku za su haɗu: tsakiyar ƙasa zai yi nisa da sanyin teku, aman wutar duwatsu zai ƙara iskar kabon, rana kuma za ta ƙara haske da kimanin kashi 2.5 cikin 100. Sakamakon shi ne zafi na digiri 40 zuwa 50 a wurare masu yawa, kuma kashi 8 zuwa 16 cikin 100 kaɗai na ƙasar ne zai dace da rayuwar dabbobi masu shayarwa. Tun kafin wannan, a 1981, Dougal Dixon ya fitar da littafin After Man, inda ya ɗauki taswirar shekara miliyan 50 masu zuwa ya cika ta da dabbobin da ya ƙaga, kowace da siffar da ta dace da muhallinta, don koyar da yadda wurin zama ke sarrafa jikin halitta.

Inda hatsari yake

Taswirar zato takan zama abin tsoro idan mai ita ya nemi tilasta wa ƙasa ta yi kama da takardarsa. Daga 1928 wani magini ɗan Jamus, Herman Sörgel, ya yi ta tallata shirin da ya kira Atlantropa. Nufinsa a datse mashigin Jibralta, a rage zurfin Bahar Rum da mita 100 zuwa 200, a sami wutar lantarki da sabuwar ƙasar noma. A Afirka kuwa ya zana a datse Kogin Kwango ya zama ƙaton tafki, rarar ruwan ta gangara ta kumbura Tafkin Chadi, daga nan wani sabon kogi ya ratsa Sahara. Zanen ya yi kyau ƙwarai a ido. Abin da bai nuna ba shi ne garuruwa da gonakin da ruwan zai shanye, domin a tunanin Sörgel Afirka rumbun Turai ce kawai. Ya rasu a 1952 ba a aza ko tubali ɗaya ba. Shuɗin fenti a kan taswira ba ya nuna wanda ke zaune a ƙarƙashinsa, saboda haka wajibi ne mai karatu ya tambaya da kansa.

Kammalawa da aikin gwaji

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ma'auni huɗu na auna kowace taswirar da-a-ce. Na ɗaya, ta bayyana cewa zato ce. Na biyu, ta sauya abu guda tak, ta bar sauran yadda suke, domin wanda ya sauya goma ba zai san wanne ne ya haifar da sakamakon ba. Na uku, ta kiyaye dokokin da ba sa sauyawa: ruwa gangare yake bi, ayari rijiya yake nema, faifan ƙasa ba ya tsalle. Na huɗu, ta nuna cewa rashin tabbas yana ƙaruwa gwargwadon nisan da aka yi daga yau.

Ga aiki ga ɗalibi. A sami taswirar duniya da takarda mai shara-shara, a kwafi Afirka da Amurka ta Kudu, a yanke su da almakashi, a kawo kafaɗar Barazil cikin lungun da ke kudu da Nijeriya. Za a ga sun kusa dacewa, amma bakin Kwara zai hau kan ɗaya ɓangaren. Haka ya faru ga Edward Bullard da abokan aikinsa sa'ad da suka yi wannan haɗi da kwamfuta a 1965, dalili kuwa shi ne lakar da kogin ya tara ta zo ne bayan rabuwar. Daga nan a sake kwafar Afirka, a yanke ta daga bakin Kwara, a bi Binuwai da Gongola, a wuce gabashin Nijar har gaɓar Libiya, a manna yankin yamma a jikin Barazil. Sa'an nan a amsa tambayoyi uku a rubuce: daga wace fuska damina za ta riƙa zuwa wa ƙasar Hausa, ina hamada za ta kasance, kuma ta wace hanya gishiri da goro za su bi zuwa kasuwar Kurmi. A gaban kowace amsa a rubuta dalilinta, a kuma ja layi ƙarƙashin duk abin da zato ne.